Darasi: Awon Abinci da Motsin Jiki ga Mai Son Rage Ƙiba

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, kowane ɗalibi zai iya:

1. gane ko yana cikin waɗanda ya kamata su rage ƙiba ko ba ya ciki;
2. bayyana mece ce kalori, da hanyoyin da jiki yake ƙona ta;
3. lissafa kalorin tuwo, fura, miya da shayi da kayan awon da ke gida da kasuwa;
4. auna motsin jikinsa da agogo ko da waya ba tare da ya ruɗi kansa ba;
5. riƙe littafin awo har mako huɗu, ya kuma fahimci abin da littafin yake gaya masa.

1. Wa darasin ya shafa?

A Gabi da sauran garuruwan Madarunfa, damuwar da aka fi sani ita ce ƙarancin abinci da tamowar yara. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a jihar Maraɗi ba sa bukatar a ba su labari. Shi ya sa idan mutum ya yi jiki, akan ce hutu ya zo masa, a taya shi murna. Sai dai rayuwa tana canjawa. Injin niƙa ya rage wa turmi aiki, babur ya rage tafiyar ƙafa, mai da sukari da taliya da lemun kwalba kuma sun cika shaguna. Yau a gida ɗaya ana iya samun yaro mai tamowa, ga kuma uwargida ko maigida yana fama da ƙiba, da hawan jini, da ciwon suga, da ciwon gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 manya biliyan 2.5 ne nauyinsu ya wuce kima a duniya, miliyan 890 daga cikinsu kuwa ƙibarsu ta kai matakin cuta.

Wannan darasi na baligin da nauyinsa ya wuce kima ne. Bai shafi yara ba. Bai shafi mai ciki ko mai shayarwa ba, bai kuma shafi ramamme ko mai jinya ba. Waɗannan ƙarin abinci suke bukata, kada a taɓa rabonsu.

Akwai hanya biyu da mutum zai san matsayinsa.

Ta farko ita ce igiya. Ka tsaya a miƙe ba takalmi, wani ya auna tsawonka da igiya daga ƙasa zuwa tsakar kai, ya yanke. Ka ninka igiyar gida biyu, ka zagaya cikinka da ita, tsakanin ƙarshen haƙarƙari da ƙashin ƙugu. Idan bakin igiyar biyu suka haɗu, madalla. Idan suka ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuma kitsen da ya fi jawo ciwon suga da hawan jini.

Ta biyu ita ce lissafin nauyi da tsawo, wanda ma'aikatan lafiya a Nijar suke kira IMC.

> AKWATI NA 1
> IMC: lambar da ake samu idan aka raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau tsawonsa.
> Ƙasa da 18.5: rama. Daga 18.5 zuwa 24.9: daidai. Daga 25 zuwa 29.9: nauyi ya wuce kima. Daga 30 zuwa sama: ƙiba mai cutarwa.

*Misali na 1.* Wata mai sayar da kayan miya, shekararta 42, nauyinta kilo 80, tsawonta mita 1.60. Tsawo sau tsawo: 1.60 × 1.60 = 2.56. Sai a raba: 80 ÷ 2.56 = 31. Ta wuce 30, saboda haka darasin ya shafe ta. Za mu ci gaba da bin lissafinta har ƙarshe.

2. Mece ce kalori?

Abinci yana ba jiki ƙarfi, kalori kuwa ita ce ma'aunin wannan ƙarfi, kamar yadda kilo yake ma'aunin nauyi. Jiki kamar rumbu yake. Idan abin da ake zubawa ya fi abin da ake ɗiba, rumbu ya cika. Idan ɗiba ta fi zubi, ya ragu. Rarar da jiki bai yi aiki da ita ba ita yake mayarwa kitse ya ajiye.

Jiki yana ƙona kalori ta hanya uku. Kaso mafi girma, wajen 60 zuwa 70 cikin ɗari, yana tafiya ne a numfashi, da bugun zuciya, da aikin ƙwaƙwalwa, da ɗumama jiki, ko da mutum yana kwance. Wajen kashi 10 cikin ɗari yana tafiya a narkar da abincin kansa. Abin da ya saura shi ne na motsi: tafiya, noma, daka, shara, wanki. Ku lura da wannan da kyau, domin mutane da yawa suna zaton motsi ne yake cin kaso mafi yawa.

> AKWATI NA 2
> Kalori: ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. A jikin gwangwani ko leda ana rubuta ta *kcal*.
> Giram: kilo ɗaya giram 1,000 ne.
> Giɓin kalori: bambancin da ake samu idan abin da jiki ya ƙona ya fi abin da aka ci.
> Giram ɗaya na mai ko kitse: kalori 9. Giram ɗaya na sukari ko sitacin hatsi: kalori 4. Giram ɗaya na sinadarin gina jiki, irin na nama da wake: kalori 4. Ruwa da gishiri: babu kalori.

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Wanda ya samar da giɓin kalori 500 kowace rana zai tara 3,500 a mako, wato kusan rabin kilo. Haka abin yake a makonnin farko. Daga baya saurin yana raguwa, domin jikin da ya ragu bukatarsa ma ta ragu.

3. Me ya sa sai an auna?

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A sha'anin abinci kimar ido tana yawan kuskure, kuma kuskuren gefe ɗaya yake karkata: mutum yana ganin abin da ya ci kaɗan ne, aikin da ya yi kuma da yawa. A 1992 masu bincike a birnin New York na Amurka sun bi diddigin wasu masu ƙiba da suke cewa suna cin abinci kaɗan amma ba sa ramewa. Da aka auna, sai aka tarar abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin ɗari, motsin da suke faɗa kuma ya zarce na gaskiya da kashi 51 cikin ɗari. Ba wai suna shirga ƙarya da gangan ba ne. Mutum yana tuna tuwon dare, amma ya manta da gyaɗar da ya watsa a baki yana hira, da ɗanɗanon miya, da sukarin shayi.

Maganin wannan shi ne a auna, a kuma rubuta nan take.

4. Yadda ake auna abinci

Ga kalorin wasu abincin da muke ci kullum. Lambobin kimantawa ce, sun kuma yi kusa da na jadawalin abincin Afirka ta Yamma na 2019 da hukumar FAO ta fitar da ire-irensa.

| Abinci | Awo | Kalori |
|---|---|---|
| Garin gero, dawa ko masara | kilo 1 | 3,600 |
| Ɗanyar shinkafa ko taliya | giram 100 | 360 |
| Dafaffiyar shinkafa | giram 100 | 130 |
| Busasshen wake | giram 100 | 340 |
| Man gyaɗa ko manja | babban cokali 1 | 120 |
| Man gyaɗa ko manja | lita 1 | 8,000 |
| Sukari | babban cokali 1 | 50 |
| Sukari | giram 100 | 400 |
| Soyayyar gyaɗa | cikin tafi, giram 30 | 170 |
| Burodi | giram 100 | 270 |
| Ƙosai matsakaici | guda 1 | 70 |
| Dafaffen ƙwai | guda 1 | 75 |
| Nono | kofi, kwatan lita | 100 |
| Lemun kwalba | kwalba ƙarama | 140 |
| Dafaffen zogale ba ƙuli | giram 100 | 60 |

Dubi layin mai da layin zogale. Cokali ɗaya na mai ya kai giram 200 na zogale. Ciki ba ya jin cokalin mai, amma giram 200 na ganye yana tare wuri. Zogalen da ake nomawa a fadamun Jiratawa da lambunan bakin gulbi babban aboki ne ga mai rage ƙiba, muddin ba a cika masa ƙuli-ƙuli da mai ba.

To, a gidajenmu tukunya ɗaya ake ɗorawa, a kuma ci a kwano ɗaya. Yaya mutum zai san rabonsa? Ga dabarar: a auna kayan tun suna ɗanye, a ƙirga rabon da suka fitar, a raba. Ba sai kana da sikeli a gida ba. Ka ɗauki kwanon da ake ɗibar gari da shi, ka cika shi yadda aka saba, ka kai wurin mai shago ya ɗora maka a sikeli sau ɗaya, ka cire nauyin kwanon. Daga ranar ka san awon kwanon gidanka. Kada ka dogara da tiya, domin tiyar gero takan kai kilo biyu da rabi zuwa uku gwargwadon kasuwa da mai awo, kuma dusa tana fita wajen surfe.

*Misali na 2: tuwo.* An tuƙa gari kilo 1, ya fitar da malmala 8 masu girma ɗaya. 3,600 ÷ 8 = 450. Kowace malmala kalori 450 ce.

*Misali na 3: miya.* An zuba mai babban cokali 8 a tukunya: 8 × 120 = 960. Miyar ta ba da ludayi 12: 960 ÷ 12 = 80. A ƙara wajen 20 na daddawa, albasa, tumatir da kuka. Ludayi ɗaya ya kama kalori 100. Idan da nama a ciki, lissafinsa daban.

*Misali na 4: fura.* Gari rabin kilo ya ba da dunƙule 5: 1,800 ÷ 5 = 360. A dama dunƙule ɗaya da nono kofi ɗaya, 100, da sukari babban cokali 2, 100. Jimla 560. Ruwan da aka ƙara yana sa furar ta yi yawa a ƙwarya, amma ba ya ƙara kalori, ba ya kuma ragewa.

*Misali na 5: shayi.* A majalisa an zuba sukari giram 100 a dahuwa uku, mutum huɗu suka sha: 400 ÷ 4 = 100 kowa. Mai zama majalisa safe da yamma yana shan 200 a rana, 1,400 a mako, daga ɗan kofin da bai kai tsawon yatsa ba.

Wanda yake ci a kwano ɗaya da jama'a, ya sa a zuba masa nasa a ƙaramin kwano, ya zauna tare da su ya ci. Zumunci yana nan, awo ma yana nan. Abincin gwangwani da na leda kuwa, a karanta jikinsa. Yawanci lambar da aka rubuta ta giram 100 ce, saboda haka sai an duba nauyin ledar gaba ɗaya. Idan aka ga *kJ* maimakon *kcal*, a raba lambar da 4.2.

5. Kalori nawa jikinka yake bukata a rana?

Lissafin mataki biyu ne. Na farko, bukatar jiki yana hutawa. Ga mai shekara 30 zuwa 60:

- mace: nauyi × 8, a ƙara 850;
- namiji: nauyi × 11.5, a ƙara 870.

Na biyu, a ninka abin da aka samu da lambar irin rayuwar mutum:

- mai yawan zama, kamar mai shago, tela, direba, ma'aikacin ofis: 1.5;
- mai matsakaicin aiki, wanda yake yini a tsaye da zirga-zirga: 1.8;
- mai aikin ƙarfi na sa'o'i da yawa, kamar manomi a tsakiyar damina ko mai saran itace: 2.1.

*Misali na 6.* Mai kayan miyarmu: 80 × 8 = 640, a ƙara 850, ya zama 1,490. A zaune take yini gaban tirenta, ƴaƴanta ke ɗebo ruwa, inji ke mata niƙa. Lambarta 1.5. 1,490 × 1.5 = 2,235. Wannan ita ce bukatarta a rana.

*Misali na 7.* Wani mai awon hatsi, shekara 50, kilo 92: 92 × 11.5 = 1,058, a ƙara 870, ya zama 1,928. Da rani yana zaune a rumfa: 1,928 × 1.5 = 2,892. Da damina, idan shi da kansa yake riƙe hauya rabin yini: 1,928 × 1.8 = 3,470. Bambancin ya kusa 600 a rana. Shi ya sa manoma da yawa suke faɗawa da damina, su murmure bayan kaka. Amma idan ƴan ƙwadago ya ɗauka, shi kuma ya je gona a babur ya zauna gindin gawo yana duba su, lambarsa tana nan a 1.5 ko da ya yini a can.

Nan ne aka fi yin kuskure. Ka zaɓi lambar rayuwar da kake yi yau, ba wadda ka yi kana saurayi ba. Idan kana shakka tsakanin biyu, ɗauki ƙaramar.

6. Yadda ake auna motsi

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya yi matsakaicin motsi na minti 150 zuwa 300 a mako, ko motsi mai ƙarfi na minti 75 zuwa 150, ya kuma yi aikin da ke ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako.

> AKWATI NA 3
> Matsakaicin motsi: numfashi ya ƙaru, jiki ya ɗau ɗumi, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa.
> Motsi mai ƙarfi: kana haki, ba ka iya haɗa kalmomi da yawa sai ka ja numfashi.
> Taku: ɗaga ƙafa ɗaya a ajiye. Taku 100 a minti ɗaya shi ne tafiya da ɗan sauri.

Agogo ya isa. Ka duba lokaci da ka fara, ka duba da ka tsaya, ka cire mintunan gaisuwa da hutawa. Wadda ta ce ta yi awa guda tana daka, idan aka cire lokacin sheƙa, da tankaɗe, da hira, mai yiwuwa minti 20 ne taɓarya take hannunta. Minti 20 ɗin za ta rubuta.

Ga ƙarin kalorin da kowane kilo na jiki yake ƙonawa a awa ɗaya, bisa kimantawa:

| Aiki | Lamba |
|---|---|
| Tafiya a hankali | 1.5 |
| Tafiya da ɗan sauri | 2.5 |
| Tuƙa keke a natse | 3 |
| Daka, noma, ɗaukar ruwa ko itace | 4 |
| Ƙwallo ko gudu | 6 |

Lissafin: lamba × nauyi × awa.

*Misali na 8.* Mai kayan miya ta fara tafiya da ɗan sauri ta rabin awa bayan sallar asuba: 2.5 × 80 × 0.5 = 100. Wato rabin awa na tafiya daidai yake da sukari babban cokali biyu. Motsi yana gyara zuciya, yana sauke suga da hawan jini, yana kuma hana nauyin da aka rage dawowa, don haka kada a raina shi. Amma wanda ya yi tafiya ya dawo ya saka wa kansa da lemun kwalba, ya mayar da fiye da abin da ya fitar.

A kula da ƙirga abu sau biyu. Aikin da ka saba yi kullum ya riga ya shiga lambar rayuwarka. Sabon motsin da ka ƙara kawai za ka lissafa daban.

Wayoyin zamani da agogon hannu suna ƙirga taku, suna da amfani, amma suna da nasu kuskuren. Wayar da aka bari a kan gado ba ta san an zagaya gida ba. Girgizar babur ko amalanke a kan hanya mai gargada tana iya shiga a matsayin taku. Lambar kalorin da suke nunawa ta fi rauni. A 2017 Jami'ar Stanford ta Amurka ta gwada irin waɗannan agoguna guda 7 a jikin mutum 60. Yawancinsu sun auna bugun zuciya da kyau, amma a kalori wanda ya fi daidai ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, na ƙarshe kuwa da kashi 93. Saboda haka ka yi amfani da na'ura wajen kwatanta takun yau da na jiya, kada ka ƙara abinci don ta ce ka ƙona kaza.

Batun taku 10,000 da ake yawan faɗa ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku a Japan a 1965. Ba dole ne sai ka kai shi ba. Ka san takunka na yanzu, ka ƙara 1,000 zuwa 2,000 a kai, idan jiki ya saba ka sake ƙarawa. Marar waya ya ƙirga taku sau ɗaya daga ƙofar gida zuwa masallaci, ko kasuwa, ko rijiya, ya riƙe lambar. Kilomita ɗaya wajen taku 1,300 zuwa 1,400 ce. A yi tafiyar da sanyin safiya ko bayan la'asar, a cikin gari, da abokin tafiya, saboda zafin rana da kuma halin tsaro.

7. Littafin awo

Ka samu ɗan littafi. Kowace rana shafi ɗaya, a ja layi huɗu: lokaci, abin da aka ci ko aka sha, awonsa, kalori. A ƙasan shafi a rubuta mintunan motsi. Boko ko ajami, duk wanda hannunka ya fi sabawa da shi. Wanda bai ƙware da rubutu ba tukuna ya zana malmala, da ludayi, da cokali, da kofi, ya riƙa jan ɗan layi gaban kowanne duk lokacin da ya ci. Ƙa'idoji uku ne: a rubuta nan take, a rubuta komai har abin sha, a rubuta har ranar suna da biki da kasuwa. Makon farko kada a canja komai, a rubuta kawai, domin a ga gaskiyar yadda ake ci.

*Misali na 9.* Da aka tambayi mai kayan miya abin da ta ci jiya, sai ta ce koko da ƙosai, da fura, da tuwo. Ga abin da littafinta ya nuna:

| Lokaci | Abinci | Kalori |
|---|---|---|
| Safe | koko 220, sukari cokali 2, ƙosai 4 | 600 |
| Hantsi | gyaɗa cikin tafi | 170 |
| Azahar | fura da nono, sukari cokali 2 | 560 |
| La'asar | lemun kwalba | 140 |
| Dare | tuwo malmala ɗaya da rabi, miya ludayi 3 | 975 |
| Bayan isha'i | ragowar tuwon yara | 150 |
| Jimla | | 2,595 |

Sukari, gyaɗa, lemo da ragowar yara sun tashi 660, ba ko ɗaya da ta ambata. Bukatarta 2,235 ce, tana cin 2,595, rarar 360 kenan kowace rana. Ga gyaran da ta yi:

- sukari daga cokali 4 zuwa 1: ta rage 150;
- ruwa maimakon lemo: 140;
- ragowar yara a rufe ta zama ɗumamen safe: 150;
- tuwo malmala ɗaya, da kwaɗon zogale marar mai a gefe: wajen 225 daga tuwon;
- man miya daga cokali 8 zuwa 4: 120 daga ludayinta uku.

Jimlar ragi 785. Abin da take ci ya koma 1,810, sai ɗan abin da zogalen ya ƙara. Giɓinta ya kama wajen 400, da tafiyar asuba 100, ya zama kusan 500 a rana. Ba ta tsallake cin abinci ko sau ɗaya ba, ba ta sayi wani abu na musamman ba, kuɗin sukari da na lemo ma sun dawo aljihunta. Ku lura kuma ba ta rage ƙosai da nono da gyaɗa ba, domin suna gina jiki, suna kuma riƙe ciki.

8. Sikeli ne alƙali

Duk lissafin da muka yi kimantawa ce, jikin kowa kuma da yadda yake. Abin da zai raba gardama shi ne sikeli. Ka hau sau ɗaya a mako, rana ɗaya, sikeli ɗaya, da safe kafin karin kumallo, da tufafi marasa nauyi. A likitar Gabi ko gidan lafiya mafi kusa da kai akwai sikeli, a nan kuma za a iya auna maka hawan jini. Nauyi yakan hau ko ya sauka da kilo ɗaya ko biyu saboda ruwa, gishiri, ko al'adar mata, don haka awon mako ɗaya ba ya yanke hukunci. A jira na mako huɗu.

Idan nauyi ya sauka da kilo 1 zuwa 2 a wata, ana kan hanya. Idan bai motsa ba, a fara binciken littafi: an rubuta mai? An rubuta shayi? Malmalar ba ta ƙara girma ba? Idan komai daidai ne, a rage wani 150 zuwa 200. Idan kuma ana jin jiri da kasala, an matsa da yawa, a sassauta.

Burin farko shi ne rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi. Ga mai kilo 80, kilo 4 zuwa 8 kenan cikin wata shida. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu haɗarin ciwon suga da aka ɗora a kan burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, tare da motsin minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari.

> GARGAƊI
> Mai shan maganin suga ko na hawan jini ya shawarci ma'aikacin lafiya kafin ya rage abinci.
> Kumburin ƙafa ko fuska ba ƙiba ba ne, a je asibiti.
> Ramar da ta zo ba a neme ta ba, musamman da yawan ƙishirwa da fitsari, ko tari mai daɗewa, alamar ciwo ce.
> A guji ƙwayoyin sa ƙiba irin su sha-ka-fashe, da shayi ko ƙwayoyin ramewa na ƴan talla. Yawancin na ramewar zawo da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita, kitse yana nan.
> Da azumi a ci gaba da rubutu, domin soye-soye da kayan zaƙin buɗa-baki suna iya zarce abincin yini guda.

Taƙaitawa

Nauyi yana sauka idan abin da jiki ya ƙona ya fi abin da aka ci. Tunani yana rage abin da aka ci, yana ƙara aikin da aka yi, shi ya sa ake aunawa a rubuta. Mai da sukari su ne suka fi ɓuya. Agogo ya fi lambar kalorin waya amana. Sikelin mako huɗu shi ke nuna ko lissafi ya yi daidai.

Tambayoyin bita

1. Waɗanne mutane ne bai kamata su rage abinci ba? Kawo huɗu.
2. Bayyana yadda ake gwajin igiya.
3. Wani mutum nauyinsa kilo 90, tsawonsa mita 1.70. Nawa ne IMC ɗinsa, kuma a wane rukuni yake?
4. Ta waɗanne hanyoyi uku jiki yake ƙona kalori? Wacce ta fi cin kaso?
5. An tuƙa gari kilo ɗaya da rabi, ya ba da malmala 12. Kalori nawa wanda ya ci malmala 2 ya samu?
6. Mutum 5 sun sha shayin da aka zuba wa sukari giram 150. Nawa ne rabon kowa?
7. Mace mai shekara 35, kilo 75, mai matsakaicin aiki: kalori nawa take bukata a rana?
8. Mai kilo 72 ya yi tafiya da ɗan sauri ta awa ɗaya. Ƙarin kalori nawa ya ƙona? Ƙosai nawa ne kwatankwacinsa?
9. Kawo dalili biyu da ke sa waya ta yi kuskuren ƙirga taku.
10. Nauyin wani bai sauka ba bayan mako huɗu. Me zai fara dubawa?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya kai kwanon ɗibar garin gidansu a auna masa a sikeli, ya ƙirga malmalar da garin ya fitar da cokalin man da ya shiga miya, ya rubuta abin da ya ci da mintunan motsinsa na kwana uku a jere. A zo da littafin aji na gaba, za mu yi lissafin tare, biyu-biyu.